Shin feshin ruwa mai ƙarfi yana cutar da injin mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla da nake jigilar fasinja da ita tsakanin Damagaram da Magarya. Tun shigowar hunturu, in na ɗaga kapo sai in tarar ƙura da baƙin mai sun lulluɓe injin. Masu wankin mota sun ce za su fesa masa gazuwal, sannan su bi shi da na'urar feshin ruwa mai ƙarfi. Ko hakan yana da illa? Daga wani direba a unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka yarda, ko da ka ga an yi wa motoci da dama haka sun tashi lafiya. An ƙera injin ne ya jure yayyafi da fantsamar ruwan hanya, amma ruwan da ke fitowa da ƙarfi yana ture robar da ke toshe bakin wayoyi ya shige ciki, kuma sau da yawa ɓarnar ba ta bayyana a ranar, sai tsatsa ta kama mahaɗar wayar, motar ta fara gardamar tashi ko fitilar gargaɗi ta kunnu. Gazuwal kuwa yana narkar da maiƙo, gaskiya ne, sai dai yana kumbura tiyon roba da bel, kuma danshin da yake bari shi ke kama sabuwar ƙura. Esans ya fi shi muni, domin tururinsa kaɗai yana kamawa da wuta daga tartsatsi guda.

Mafi yawan dattin da ke kan injin a ƙasarmu busasshiyar ƙura ce, wadda ruwa ke mayar da ita taɓo. Don haka da iska ake farawa. Ka je wurin mai facin taya da safe, ka bar injin ya huce har ka iya ɗora hannu a kansa, a hure ƙurar daga ɗan nesa, a bi lunguna da buroshi mai laushi. Lagireto ma a hure shi daga bayansa zuwa gaba, a hankali, saboda ƙarafunansa sirara ne, suna lanƙwashewa. Hucewar nan ba ƙaramin sharaɗi ba ce: ruwan da ke sanyaya injin yakan kai kusan digiri 90 yayin aiki, bututun hayaƙi ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma ruwan sanyi a kan ƙarfe mai irin wannan zafi yana iya tsaga shi.

Inda mai ya daskare ne kawai ke buƙatar jiƙawa. Kafin nan ka kashe motar, ka zare makulli, ka kwance kan batir mai alamar ragi, wato wanda wayarsa ke haɗe da jikin mota. Agogo da tashoshin rediyo za su iya gogewa, wannan ba komai ba ne. Sai ka ɗaure leda a kan dinamon da ke cajin batir, da akwatin fis, da bakin shigar iska, da saman buji. Wurin bujin nan ya fi ko'ina ba da wahala, domin a irin motarka kowane buji yana cikin rami mai zurfi, ruwa in ya kwanta a ciki sai wutar ta riƙa ɓallewa, injin ya yi ta rawa.

Ka nemi ruwan cire maiƙo a shagon kayan mota, in babu, sabulun ruwa na wanke kwanuka ya wadatar. Garin sabulun wanki ba na son shi a nan, yana dusashe alminiyom. Shafa, jira minti 5, goge da buroshi, sannan ka ɗauraye da kofi ko jiƙaƙƙen tsumma. Rabin bido ya isa, abin da ba za a raina ba a garin da ake sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa. Kada a bar baƙin ruwan ya gangara inda dabbobi ke sha. Bayan haka a sake hura iska a mahaɗar wayoyi, a cire ledojin duka, a mayar da kan batir, a tada motar ta yi minti 15 kapo a buɗe.

Baƙin man da ka ambata ya fi damuna fiye da ƙurar, don lafiyayyen inji ba ya jiƙewa da kansa. Bayan wankin ka yi tafiya ɗaya zuwa Magarya ka dawo, ka duba inda sabon danshi ya fara fitowa. Galibi robar murfin saman injin ce zafi ya busar, kuma makanike zai canza ta cikin ɗan lokaci. In kuwa ka ga man yana ɗiga kusa da bututun hayaƙi, ko ka ji warin esans, kada ka ɗauki fasinja sai an gyara.