Dalilin rikicewar lissafi tsakanin STM32 da Arduino Uno

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa lissafinka yake fita daidai a kan STM32, amma ya rikice a kan Arduino Uno. Dukansu ƙananan kwamfutoci ne da ake sarrafa na'urori da su. Matsalar tana cikin girman int, wato nau'in ma'ajin cikakkiyar lamba a harshen C. A kan ATmega328P, ƙwaƙwalwar Arduino Uno, bit 16 ne kawai, iyakarsa 32767, alhali a kan Cortex-M, ƙwaƙwalwar STM32, bit 32 ne. Saboda haka a kan Uno, lissafi irin 1000 * 60, wato 60000, yana tumbatsa tun kafin a ajiye sakamakon, ko da ma'ajin long ne, wanda ya fi int girma. Ka rubuta 1000UL domin a yi lissafin da bit 32, sannan ka riƙa amfani da uint32_t da ire-irensa masu fayyataccen faɗin bit na cikin fayil ɗin stdint.h, wanda ya zo da C99, ƙa'idar harshen C ta 1999. Ni dai ba na amincewa da int a wajen rajistocin na'ura, wato ma'ajiyoyin da ake sarrafa sassanta da su, domin a can wajibi ne a fayyace faɗin bit, a kuma saka volatile, kalmar da ke nuna cewa abin da ke cikin ma'ajin zai iya canzawa ba da sanin shirin ba.