Ku Tambayi Anti: Bil Ɗin Restoran, Tafiya Yankari da Damben Lahadi

Jama'a sallama. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan fitar wikend ne, da alama kowa ya gaji da zaman gida, to ga waɗanda fili ya ɗauka, sauran ku yi haƙuri sai mako na sama.

TAMBAYA: Slm Anti, dan Allah ki raba mu gardama da maigidana. Ranar Asabar ya kai ni da yara wani restoran, mun duba menu mun lissafa abincinmu dubu 30 cif, da aka kawo bil sai ga 35,250, shi kuwa ya hau faɗa wai cuta ce zalla har mutane suna ta kallonmu wlh na ji kunya, yanzu ya rantse ba zai ƙara kai mu cin abinci waje ba. Shin da gaske cutarmu aka yi? Daga wata uwargida a Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Na buga lissafin naku kuma ya fita daidai har kwabo. Akwai harajin VAT na gwamnatin tarayya, kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, kafin nan kashi 5 ne, to a kan dubu 30 ya kama 2,250. Sauran dubu 3 ɗin kuma kashi 10 ne na abin da suke kira sabis caj, wannan ba na gwamnati ba ne, gidan abincin ne ke ɗorawa da sunan ladan masu hidima, wasu kashi 5 suke sawa wasu 10 wasu ma ba sa sawa sam. Yawanci suna rubutawa can ƙasan menu da ƙananan baƙaƙe inda mai jin yunwa ba zai taɓa kai idonsa ba. In sun rubuta, Alhaji bai da ta cewa. In kuwa ba su rubuta ko'ina ba kuma ba wanda ya faɗa muku, yana da gaskiyar ya nemi manaja, amma a hankali, don yaron nan mai ɗaukar oda ba shi ya yanka farashi ba, albashinsa ma ƙila bai kai kuɗin abincin da kuka ci ba.

Nan gaba kafin a yi oda a tambayi weta kai tsaye: kuɗin nan da haraji a ciki ko sai an ɗora? Ba ƙauyanci ba ne, masu kuɗin ma tambaya suke yi, ai shi ya sa suke da shi. Ki kuma sa ido kan ruwan roba da lemo da robar tekawe, nan ne kuɗi ke zurarewa, yara uku kowa ya sha lemo biyu an gama da ku. Kuma da yara gara a je tsakanin la'asar da magariba, bayan isha'i ranar Asabar kicin ya riga ya rikice sai ku yi awa guda kuna jiran soyayyar shinkafa yara na barci a kan tebur. Batun rantsuwa kuwa mai sauƙi ne, ya ciyar da miskinai goma ya ɗauko mukullin mota.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni sabon ango ne, wata biyu da biki, ina so in kai amarya Yankari daga Juma'a zuwa Lahadi tunda ba mu je ko'ina ba bayan biki, amma abokai sun ce ɓata kuɗi ne ba a ganin komai sai birai, ita kuma tana son shiga ruwan Wikki amma tana jin kunyar mutane. Ya kike gani? Daga wani ango a Hotoro, Kano.

AMSA: Allah ya ba da zaman lafiya ɗana, ya kawo ƙazantar ɗaki. Ka kai ta. Abokan nan naka ina kyautata zaton da damina suka je, lokacin ciyawa ta fi mutum tsawo kuma ruwa na kwance ko'ina a daji, dabba ba ta da dalilin fitowa inda za ka gan ta. Da rani ne, kamar daga Disamba zuwa Afrilu, ƙishirwa ke koro su bakin kogin Gaji, a nan ake dacewa da ɓauna da gwanki da dorina da kada, in da rabo har garken giwaye. Na ce in da rabo, don dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, giwa ba ta san ka biya kuɗin ƙofa ba. Zaki kam kar ma ka yi wa amarya alƙawari.

Hanya: daga Kano ka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi ka shiga Bauchi, daga nan ka ɗau titin Gombe har Dindima ka karya dama zuwa ƙofar Mainamaji, kuma daga ƙofar zuwa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke akwai sauran tafiyar kilomita 40 da wani abu a cikin daji, mutane da yawa suna manta wannan sai duhu ya kama su. Don haka in dai Juma'ar ce ka fita da sassafe ka yi sallar Juma'a a Bauchi, ku ci masar Bauchi tunda kun zo gidanta, ka cika tanki ka cire tsabar kuɗi, kar ka dogara da transfa don netwok a can sai yadda hali ya yi. Ka kira su tun kafin ka taso ka tabbatar da ɗaki da farashinsa da maganar wuta, kuma ka tambayi ɗan Bauchi halin da hanya take ciki a satin, don an sha jin labarin 'yan bindiga a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Alkaleri. Tafiyar dare babu ita.

Shi ruwan Wikki daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, sanyi ko zafi, garai-garai har kana hango yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Wajen bakin dutsen yana da zurfi, in aka gangaro kuma ya yi ƙasa sosai, wanda bai iya iyo ba ya tsaya can. Maganin kunyar amarya lokaci ne: ku sauka bayan sallar asuba da gari ya fara wayewa, musamman da sanyin hunturu za ka ga tururi na tashi a saman ruwan kuma ba kowa sai ku, ta sa doguwar riga mara nauyi da wando ta ɗaura ɗankwalinta ta shiga abinta. Da hantsi ya yi ranar Asabar motocin ɗalibai sun iso da lasifikarsu, daga nan wurin ya zama nasu. Satin Sallah da na Kirsimeti kuwa kar ma ku soma.

Birai da abokanka suka faɗa gaskiya ne, bika ne manya, suna yawo a tsakar sansanin su da gadu, kuma ɓarayi ne na ƙin ƙarawa. Sun san leda, sun san kular abinci, in ka bar ƙofar ɗaki ko gilashin mota a buɗe za su shiga su yi gaba da burodi da kilishin da ka sayo. Kar amarya ta riƙe abinci a hannu tana tafiya, kuma kar a ba su komai da sunan tausayi.

TAMBAYA: Anti ni ma'aikaci ne an dawo da ni Abuja, duk wikend sai kwanciya da danna waya, abokan ofis kullum sai su ce a je lonj ni kuma ba na shan shisha ba na son hayaniyar DJ, ba wani wasa na gargajiya da mutum zai je ya kalla ido da ido? Kuma zan iya tafiya da ɗana ɗan shekara 9? Daga wani Basakkwace a Kubwa.

AMSA: Kai ɗan'uwa, kana Kubwa kana wannan tambayar? Ai Dei-Dei na bayan gidanka, kuma gidan damben Ali Zuma da ke can ya yi suna da damben safiyar Lahadi. Ka je da wuri ka samu kujera a rumfa. Za ka tarar da ɓangarori, ga Kudu ga Arewa ga Guramada, kowa da makaɗansa da 'yan kirarinsa, ɗan dambe ya naɗe hannu ɗaya da zare ɗayan yana karewa da shi, turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, wato an yi nasara a kansa, in ba haka ba a raba su babu kisa. Wallahi lokacin da kalangu ya ɗau zafi aka kira sunan wani ɗan dambe ya miƙe yana karkarwa yana kirari, bidiyon waya ba ya kawo maka rabin abin.

Yaro ɗan 9 zai iya zuwa na safe in yana gefenka, amma ka san gefen fili ba a rasa masu busa hayaƙi da bakin da ba shi da linzami, in ka ga abin ya fara yawa ku tashi. Wayarka a aljihun gaba. Sannan maganar liƙi, ka riƙe canji don makaɗa za su gano baƙo ne kuma Basakkwace, sai sun wasa ka, to ka miƙa musu a hannu kar ka watsa a ƙasa, dokar CBN ta 2007 ta hana wulaƙanta naira kuma a 2024 EFCC ta kai wasu fitattu kotu kan haka har da wanda aka yanke wa wata shida.

TAMBAYA: Anti mata biyu gare ni, na samu kuɗin kwana biyu a Jos amma na mutum biyu ne kawai, wa zan ɗauka? Daga wani magidanci a Zariya.

AMSA: Malam kai ma ka san wadda zuciyarka ke so shi ya sa ka rubuto. Ka yi ƙuri'a, haka Manzon Allah (SAW) yake yi tsakanin matansa in zai yi tafiya, kuma a gabansu za ka yi su biyun, ba kai kaɗai a mota ba. Wadda ba ta ci ba ka faɗa mata watan da nata zai zo tun kafin ku tashi, ka bar mata cefane wadatacce, ka dawo mata da tsarabar dankalin Turawa da strawberry. Ku tafi da rigunan sanyi, Jos ba Zariya ba ce. Kuma dan Allah ka ja wa wadda ta ci kunne kan sa hotuna a status.