Ya Sake Ni Ya Riƙe Yaran, Ga Shi Yana Shaye-shaye

Tambaya: Barista, daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Mijina ya sake ni bara, ya riƙe yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 7 da mace 'yar shekara 4. Yana shan ƙwaya, in ta hau kansa sai duka. Ran kasuwa na ga shatar bulala kwance a gadon bayan yaron. Dangi sun ce in yi haƙuri, ɗa na uba ne. Ina da mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, kina da ita. Nasaba da ciyarwa na uba ne, amma riƙo, wanda malamai ke kira hadana, uwa ce a gaba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, namiji yana hannun uwa har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Ko da kin yi wani auren, riƙon ba ya faɗawa hannunsa kai tsaye. Mahaifiyarki ce ke biye, sannan 'yan'uwanki mata da kuke uwa ɗaya, kafin a waiwayi ɓangaren uba. Kuma duk wanda zai riƙe yaro sai ya zama mai hankali, mai amana, a gida mai aminci. Mashayin da ke dukan yaro har jikinsa ya tashi bai cika wannan sharaɗi ba.

Inda mata da yawa ke faɗuwa shi ne hujja. Alƙali ba zai yanke hukunci don kin ce "wallahi yana sha" ba, domin shi ma zai zo da farar riga ya musanta. Da zarar yaron ya zo hannunki, ki kai shi asibiti a rubuta raunin a kati, a ɗauki hoto da waya tun shatar ba ta baje ba. Ki nemi maza biyu adilai cikin maƙwabta waɗanda suka gani da idonsu, ba jita-jita ba. Ki sanar da mai unguwa, in an taɓa kai shi Hisba ko wajen 'yan sanda ki faɗa wa kotu.

Sai ki shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci mafi kusa, ki nemi riƙo da kuɗin ciyarwa a tare. Ki roƙi alƙali tun zaman farko ya damƙa yaran gare ki ko ga mahaifiyarki kafin a gama shari'a, in kuma uban zai gan su, ya zama a gaban wani babba. Jigawa tana da dokar kare yara tun 2021, dukan yaro irin wannan laifi ne mai zaman kansa.

Don Allah kada ki je ki ɗauke su da dare, za a juya maganar a kanki. In babu kuɗin lauya, ki je ofishin Legal Aid a Dutse, kyauta suke tsaya wa marasa hali.