Tambayi Likitan Dabbobi: Abincin Kyanwa Na Gwangwani Da Aka Ce Babu Hatsi A Ciki

Assalamu alaikum Likita. Ina da kyanwa 'yar shekara biyu, irin masu yawan gashin nan. Ɗana ya aiko mini abincinta daga Abuja, wani na gwangwani wani na leda. Wasu an rubuta musu "grain-free", kuma ya ce sun fi tsada don sun fi kyau. Ta yaya zan gane mai inganci? Daga wata Hajiya, Ƙofar Kaura, Katsina.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaron albarka, amma tsadar nan kada ta ruɗe ki. Rubutun abu ɗaya kawai yake faɗa: ba a sa masara, alkama, shinkafa da danginsu ba. Bai ce nama ya yi yawa ba. Kamfanoni da dama in sun cire hatsi sai su cike gurbinsa da garin rogo, dankalin turawa ko waken fis, musamman a irin mai romo, don romon ya yi kauri. Duk sitaci ne, kuma kyanwa dabbar nama ce, ba sitaci jikinta yake nema ba.

Ki juya gwangwanin baya, can gaskiya take. Abu na farko, ki nemi kalmar "complete". Ita ce shaidar cewa an haɗa abincin ya wadatar shi kaɗai. In na Amurka ne za ki ga jumla mai ambaton AAFCO, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a can, in na Turai ne ana bin ma'aunin FEDIAF, ƙungiyar kamfanonin abincin dabbobin gida ta Turai. Wanda aka rubuta wa "complementary" ɗan marmari ne kawai. Yawanci shi ya fi kyan gani, tsokar kifi ko kaza zalla cikin ruwa, amma babu isasshen sinadarin ƙashi da bitamin. Kyanwar da aka ɗora a kansa wata da watanni sai ta lalace alhali kwanonta bai taɓa zama wayam ba.

Na biyu, lissafi. Abincin gwangwani kusan kashi 75 zuwa 82 cikin 100 ruwa ne, saboda haka lambobin jikinsa suna da yaudara sai an cire ruwan. Ɗauki misali: furotin 10, kitse 5, ɓawo ("fibre", harzar da ba ta narkewa) 1, toka ("ash", wato ma'adinai) 2, ruwa 80. Cire 80 daga 100, saura 20, shi ne ainihin abincin. Raba 10 da 20, ki ninka da 100: furotin kashi 50 ke nan. Kitse kashi 25. Sitaci ba a cika rubuta shi ba, amma yana fitowa: haɗa lambobin biyar ɗin, 98, abin da ya rage zuwa 100, wato 2, shi ne sitaci. A busasshen lissafi, wato bayan an cire ruwan, kashi 10. Wannan abinci ne mai kyau.

Yanzu ga wani mai tambarin babu hatsi: furotin 7, kitse 4, ɓawo 1, toka 2, ruwa 80. Furotin kashi 35, sitaci kashi 30. Ya haye ƙaramin ma'aunin AAFCO, wanda ya ce babbar kyanwa ta samu aƙalla furotin kashi 26 da kitse kashi 9, ƙanana da masu ciki ko shayarwa kuma furotin kashi 30. Amma kuɗin nama kika biya aka ba ki rogo. A ganinmu, na gwangwani da ya kai kashi 40 ko fiye na furotin, sitacinsa kuma bai wuce kashi 10 zuwa 15 ba, ya isa a yaba masa, ko da akwai 'yar shinkafa a ciki.

Na uku, jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, don haka ki so ki ga kaza, talotalo, naman sa ko kifi a sahun gaba. Kada ganin hanta, zuciya ko ƙundu ya tsorata ki, kayan ciki abinci ne na gaske ga kyanwa. Sai dai ki lura da wayon suna: in an rubuta "with chicken", a ƙa'idar Turai kashi 4 na kaza ya wadatar, a Amurka kashi 3.

Daga ƙarshe ki duba sinadarin taurin. Jikin kyanwa ba ya iya haɗa isasshensa, dole daga nama ta samu. Rashinsa yana lalata ido har ya kai ga makanta, yana kuma sa zuciya ta buɗe ta yi laushi. A 1987 ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka tabbatar da alaƙarsa da ciwon zuciyar, daga nan kamfanoni suka ƙara shi. Na gwangwani yana buƙatar kashi 0.2, ninki biyu na busasshen abinci, saboda yadda ake sarrafa shi yana sa jiki ya fi asararsa.

Likita, muzuruna yana ta susa har bayan kunnensa ya saɓule. An ce hatsi ne bai karɓe shi ba. In koma wanda babu hatsi? Na kuma ji an ce irin wannan abincin yana kawo ciwon zuciya. Daga wani ɗalibi, Sabuwar Unguwa, Katsina.

Ɗan samari, kafin ka zargi abinci ka baje gashin gindin wutsiyarsa a kan farar takarda. In ka ga baƙin gari kamar barkono, ka ɗiga masa ruwa. Ya koma ja? Kashin ƙuma ne, kuma ƙuma da ƙwarin kunne su ne kan gaba wajen sa kyanwa susa. In ma abincin ne, abin da ya fi tayar wa kyanwa da ƙaiƙayi naman sa ne, da kifi, da kaza. Hatsi yana can ƙasa. Ana gane mai laifin ne ta hanyar ba shi nau'in nama guda da bai taɓa ci ba, tsawon mako takwas, ba tare da ko loma ɗaya ta wani abu ba, sannan a dawo da tsohon abincin a ga ko susar za ta dawo.

Maganar zuciya kuwa, a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara bincike kan rahotannin ciwon zuciya da ake dangantawa da abincin da babu hatsi mai yawan wake. Mafi yawan rahotannin na karnuka ne, kuma busasshen abinci suke ci. Hukumar ba ta tabbatar da cewa abincin ne sanadi ba.

Ranka ya daɗe, leda nawa ya kamata kyanwa ta ci a rana? Kuma in na buɗe gwangwani da safe, ragowar zai kai dare? Wutarmu sai a hankali. Daga wani Malam, Daura.

Malam, babbar kyanwa mai nauyin kilo 4 da ke zaune a gida tana buƙatar kalori 200 zuwa 250 a rana. Ledar giram 85 tana ɗauke da kamar 70 zuwa 90, ka ga leda uku ke nan, a raba sau biyu ko uku. Wadda aka yi wa fiɗiya a rage mata kaɗan, mai shayarwa kuma tana iya cin ninki biyu ko fiye. Ma'auni mafi sauƙi hannunka ne: ka shafa haƙarƙarinta, ya kamata ka ji ƙasusuwan ba tare da ka danna ba, amma kada ido ya gan su.

Ragowa ita ce matsalar ƙasarmu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Daura yana haura digiri 40. Jiƙaƙƙen nama a irin wannan yanayi bai kamata ya wuce rabin awa zuwa awa ɗaya a kwano ba, ga ƙuda ga tururuwa. Abin da ba ta cinye ba a zubar, a wanke kwanon da sabulu. Wanda ya rage a gwangwani a juye shi cikin roba mai murfi a sa a firij, zai yi kwana biyu zuwa uku in sanyin bai yanke ba. In firij ɗinku yana kwana ba wuta, ka bar sayen babban gwangwani mai giram 400 duk da arharsa, ka sayi ƙananan ledoji da za ta cinye a zama ɗaya. Randa tana sanyaya ruwa, amma sanyinta bai kai ya tsare nama ba.

Wajen saye, duba ranar lalacewa, ka guji gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya loɓe a bakin murfi, da ledar da ta cika iska. Kayan da aka jibge a rana a gaban shago ma a bar wa mai shi.

In za ka sauya mata abinci, ka ɗauki mako guda kana gauraya sabon da tsohon, kana ƙara sabon kullum, don kada ta yi zawo. Kuma kada ka yi mata horon yunwa wai don ta saba. Kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, kitse yana iya taruwa a hantarta, ciwo ne mai kisa.

Likita, akwai naman alade a ciki? Daga wata uwargida, Rafindadi, Katsina.

Yana iya kasancewa, uwargida. Inda aka rubuta "meat and animal derivatives" ba a ambaci dabbar ba, to kowace dabbar yanka ta Turai tana iya shiga, har da alade, ko da hoton kaza ne a gaba. Ki zaɓi wanda ya ambaci kowane nama da sunansa. Hukuncin taɓa shi da kwanon da aka zuba kuwa, sai malamai.

Abincin nan ya fi ƙarfin aljihuna. Kifin gwangwani na mutane zai maye gurbinsa? Daga wani tela, Ƙofar Marusa, Katsina.

A'a, maigida. Gishirinsa ya yi mata yawa, mai romon tumatir kuma sau da yawa akwai albasa, ga shi albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanye ko dafaffe. Kifi mai maiƙo kullum yana cinye bitamin E, kitsen jikinta ya kumbura ya yi rawaya, ta riƙa ihu in an taɓa ta. Ɗanyen naman wasu nau'ikan kifi kuma yana lalata bitamin B1, ka ga wuya ya lanƙwashe ƙasa tana tangaɗi.

Abin da ya fi maka sauƙi, ka sayi busasshen abinci mai kalmar "complete" ya zama shi ne tushe, ka ajiye ruwa mai tsabta a wuri biyu nesa da kwanon abinci. Sai ka riƙa ƙara mata dafaffiyar tsokar kaza, zuciya ko ƙundu, ba gishiri ba magi, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin yini. Hanta sau ɗaya a mako, yanka ɗaya kamar kan ɗan yatsa, don yawanta yana tara bitamin A har ƙasusuwan wuya su sandare. Dafaffen ƙashin kaza kada ya shiga kwanonta, tsagewa yake yi ya soki hanji.