Amsa kan gasar UK Championship: me ya sa kuɗin Saudiyya bai ture ta ba

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaya me ya sa ake kiran UK Championship gasar sunuka ta biyu bayan gasar duniya, alhali wadda aka fara a Riyadh a 2024 ta ba zakara fam 500,000, ita kuwa UK fam 250,000 ta bayar a shekarar. Ka kuma ce a fayyace maka batun gasa mai maki da marar maki, wato wadda ake lissafa sakamakonta a jerin gwanayen duniya da wadda ba a lissafawa. Na daɗe ina bin wasan nan, tun muna taruwa a gidan kallo muna roƙon mai gida ya bar mana tasha ɗaya idan an tashi daga ƙwallo, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Da farko ka cire teburin bakin layinmu daga ranka. Namu mai ƙwallaye 15 masu lamba wani wasa ne daban, ko da yake sunuka muke ce masa. Teburin ƙwararru ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, da jajaye 15, masu launi 6, da farar da ake bugawa. Zubi ɗaya, wato daga jera ƙwallaye har a san wanda ya ci, yana iya ɗaukar minti 10, yana iya haura awa. Ka riƙe wannan, domin yawan zubin da ake bugawa shi ne rabin labarin gasar nan.

An fara ta a 1977 a garin Blackpool. Patsy Fagan ɗan Ailan ya doke Doug Mountjoy 12-9, ya tafi da fam 2,000. A lokacin gasar ta 'yan gida ce, sai mazauna Birtaniya da masu fasfonta, kuma ba ta ba da makin komai a jerin gwanaye. Jerin ma kansa jariri ne: a 1976 aka ƙirƙiro shi, kuma sakamakon gasar duniya kaɗai ake lissafawa, sai a 1982 aka fara shigar da wasu gasanni. A 1978 UK ta koma zauren Guild Hall da ke Preston, ta zauna a can har 1997. A 1984 aka buɗe ƙofa ga kowane ƙwararre daga kowace ƙasa, aka sa mata maki.

Wannan shekarar ta 1984 tana kashe gardama da yawa. Steve Davis ya ci UK sau 6, amma 4 ne kawai ke cikin kofunansa 28 masu maki, saboda na 1980 da 1981 sun zo kafin a sauya tsari. Wanda Alex Higgins ya ci a 1983 shi ma ba ya cikin lissafi. Ni wannan yana yi mini ciwo, don a tarihin gasar kaf da wuya ka sami wasa irinsa. Davis ya cinye zubi 7 na zaman farko, 7-0, kowa ya ɗauka an gama. Higgins ya dawo yana tsinta ɗaya bayan ɗaya har aka je 15-15, ya ɗauke na ƙarshe. Lokacin sai ka ci zubi 16 kafin ka ɗaga kofi, kwana biyu ana abu ɗaya. Da a ce tsarin zagayen farko na yau ne, da Davis ya sallame shi 6-0 tun kafin 'yan kallo su gyara zama.

Wasan 1985 kuwa na sha komawa kansa a YouTube. Willie Thorne ya kai zubi 13, yana gaban Davis da tazara mai kyau, an shigo zaman ƙarshe, yana share masu launi, zubin a hannunsa yake. Shuɗiya tana zaune a gurbinta na tsakiyar tebur, irin ƙwallon da ko a gidan wasa na unguwa ba a tsayawa aunawa. Ya sunkuya, ya buga, ta ƙi shiga. Ka dubi fuskarsa yayin da yake komawa kujera, ka dubi yadda Davis ya miƙe ba gaggawa yana goga alli a kan sandarsa. Daga nan wasa ya juya, Davis ya ci 16-14. Thorne ya ga samu ya ga rashi, kuma har ya bar duniya a 2020 kofi ɗaya tak mai maki ya ci, mutumin da ba a rasa sunansa cikin gwanayen tara maki masu yawa a shiga ɗaya na zamaninsa. Dogon wasa haka yake: yana ba wanda ke baya lokacin farfaɗowa, yana ba wanda ke gaba lokacin tunani, kuma tunanin ne ke kashe mutum.

To amma abin da ya fi ɗaure ni da gasar nan, wanda kuma shi ne ainihin amsar tambayarka, shi ne a nan ake fara ganin wanda zai karɓi zamani. Davis bai taɓa cin babban kofi ba sai a UK ta 1980, inda ya lallasa Higgins 16-6. Bayan 'yan watanni ya zama zakaran duniya, ya riƙe shekarun 1980 a tafin hannunsa. Stephen Hendry ya zo wasan ƙarshe a 1988 yana ɗan shekara 19, tsohon hannu Mountjoy mai shekara 46 ya tare shi 16-12. Shekara ta zagayo Hendry ya doke Davis 16-12, a 1990 ya sake doke shi 16-15, kowa ya gane sarauta ta sauya gida. A 1994 ma, a wasan ƙarshe da Ken Doherty, sau 7 yana haura maki 100 a shiga ɗaya cikin zubi 10 da ya ci.

Sai 1993, shekarar da aka rage wasan ƙarshe zuwa wanda ya riga cin zubi 10. Wani yaro da saura mako ɗaya ya cika 18 ya doke Hendry 10-6 a Preston. Ronnie O'Sullivan ke nan, kuma har yau ba a sami wanda ya ci gasa mai maki da ƙarancin shekaru kamarsa ba. Mahaifinsa yana tsare a lokacin, sai da ya ɗauki kofin ya kai masa gidan yari ya gani. Bayan shekara 30, a 2023, ya ci na 8 saura kwana biyu ya cika 48, ya zama shi ne mafi ƙuruciya kuma mafi tsufa da ya taɓa cin gasar. Ba zan ɓoye ba, a 2006 ya ɓata mini rai, lokacin da Hendry ke gabansa 4-1 ya miƙa hannu ya fice daga zauren York, ya bar mutanen da suka sayi tikiti da baki buɗe. Ina ƙaunar wasansa, amma wannan bai kyauta ba.

Gasar ta ɗan yi yawo: Bournemouth daga 1998 zuwa 2000, York daga 2001, Telford daga 2007 zuwa 2010, sannan ta dawo zauren Barbican na York a 2011. A York ɗin ne aka yi wasan da nake ganin ya fi kowanne sauya fuskar sunuka. A 2005 Davis, yana da shekara 48, ya sake kai kansa wasan ƙarshe, ya tarar da Ding Junhui ɗan ƙasar Sin mai shekara 18. Ding ya ci 10-6, ya zama mutum na farko daga wajen Birtaniya da Ailan da ya ɗauki kofin, shekara 21 bayan an buɗe ƙofa. Ya ƙara a 2009 da 2019. Yaran Sin da suka taso suna kallonsa su ne suka cika gasanni yanzu, kuma ɗaya daga cikinsu, Zhao Xintong, a UK ta 2021 ya fara bayyana, ya doke Luca Brecel 10-5. An dakatar da shi wata 20 a shari'ar cacar da ta rutsa da 'yan wasan Sin 10, ya dawo, a 2025 ya zama zakaran duniya na farko daga nahiyar Asiya.

Yanzu ga ƙorafina. A 2011 masu gudanar da wasan, ƙarƙashin Barry Hearn, suka rage zagayen farko daga wanda ya riga cin 9 zuwa wanda ya riga cin 6, daga baya ragin ya kai har wasan kusa da na ƙarshe. Dalilinsu talabijin ne, a fara wasa a gama shi a zama ɗaya. Mark Allen ya fito fili ya soki abin a shekarar, kuma ina bayansa. Kamar a ce an mayar da dambe turmi ɗaya ne: za a sami mai nasara, amma ba lallai a san wanda ya fi ƙarfi ba. A 2013 aka ƙara da zuba 'yan wasa 128 gaba ɗaya tun zagayen farko, tebura birjik, gasar ta koma kamar kowace. Sai a 2022 aka gyara wannan ɓangaren: manya 16 su jira a York, wasu 16 su fito daga wasannin share fage. Tsawon wasan dai ba a maido ba.

Duk da haka wasan ƙarshe bai rasa nauyinsa ba. Na 2020, da korona ta sa aka kai shi Milton Keynes ba ɗan kallo ko ɗaya, na kalle shi a waya cikin sanyin hunturu. Neil Robertson da Judd Trump, 9-9, zubin ƙarshe ya haura awa, zaure shiru sai ƙarar ƙwallo. Trump ya zo kan mai ruwan hoda, yana buƙatarta da baƙa, ya ɓarar. Robertson ya zura ta ya ɗauki kofinsa na 3. Agogonmu ya doshi ƙarfe biyun dare.

Batun maki kuwa, tun kakar 2014 kuɗi ne makin. Ana tara abin da ɗan wasa ya ci a gasanni masu maki cikin shekara biyu, wanda ya tsufa ya zube, sabo ya shigo. Don haka a jerin gwanaye, gaskiyarka, kofin Riyadh na 2024 ya ninka na UK. Amma idan ɗan wasa ya ajiye sanda, abin da ake fara ƙirga masa shi ne manyan kofuna uku da ake kira Triple Crown: gasar duniya, UK, da Masters. Ita Masters ba ta da maki ko ɗaya, gayyata ce ta manya 16, kuma ba wanda ya raina ta.

Idan ƙarshen Nuwamba ya zo, zaman rana yakan fara ƙarfe 2 agogon Najeriya da Nijar, na dare ƙarfe 8. Kada ka tsaya kan manyan sunaye kawai. Da an gama UK ake rufe jerin waɗanda za su je Masters a Janairu, don haka ka sa ido kan masu matsayi na 14 zuwa 20, su ne wasa ɗaya ke iya shigar da su ko ya fitar. Ka kuma lura da yaran da suka fito daga share fage, musamman wanda ya kayar da babba a zagayen farko bai ko ɗaga kai ya kalli 'yan kallo ba.