Na tsinci 'yan mage uku, zan iya riƙe su kafin a samu mai ɗauka?

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah taimako nake nema. Shekaranjiya yarana suka tsinto 'yan mage guda uku a bayan janareton maƙwabta, uwarsu, mota ce ta take ta mun ga gawar a bakin titi. Idonsu ya buɗe amma basa iya tafiya sai jan ciki. Na basu madarar gwangwani da cokali, yanzu ɗaya sai zawo take. Maigida yace shi ba za a ajiye masa mage a gida ba, amma ya yarda in riƙe su kafin a samu mai so. Ya zanyi? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya bada lada. Toh yadda kika kwatanta su ɗin nan basu wuce sati 2 ba, don ɗan kyanwa yana buɗe ido ne wajen kwana 7 zuwa 10, kuma ba a raba shi da mai shayar da shi sai ya kai sati 8. Kinga kenan aikin sati 6 ne a gabanki, ki faɗa wa maigida haka tun yanzu kar ya ɗauka abin kwana uku ne. Riƙo dai irin wanda muka sani na 'ya'ya, sai dai wannan da ranar mayarwa. A Ingila ma haka ƙungiyoyi irin su Cats Protection da aka kafa tun 1927 suke yi, su damƙa wa mutum kyanwa ya riƙe a gidansa su biya abinci da magani har a samu mai ɗauka. Ke kam aljihunki ne ƙungiyarki.

Ki tsaida madarar gwangwanin nan yau ɗin nan, ita ce ta kawo zawon. Nonon saniya ne, cikinsu baya iya narkar da shi, kuma zawo a jikin abin da bai wuce giram 200 ba kwana ɗaya ya isa ya tafi da shi. Akwai madarar gari ta 'yan kyanwa a shagunan maganin dabbobi, ita zaki nema. In ba a samu yau ba ki tafasa nonon akuya ya huce ki kaɗa kwaiduwar ƙwai a ciki, wannan na rage zafi ne kawai kafin a samo ta gasken. Mai zawon kuma ki kaita asibitin dabbobi kar ki jira.

Amma abin da yafi kashe min su a hannun masu riƙo ba yunwa bane, sanyi ne. A wannan shekarun jikinsu baya iya ɗumama kansa, da jikin uwa suke dogara. Ki samu kwali ki shimfiɗa tsohon zani, ki cika gora da ruwan ɗumi ki naɗe da tsumma ki sa a gefe ɗaya yadda in zafi ya ishe su zasu ja jiki su matsa. Kafin ki basu komai ki taɓa tafin ƙafarsu da cikin baki, in kinji sanyi kar ki bada madara sai kin ɗumama su tukuna ko a cikin zaninki ne, don ciki mai sanyi baya aiki, madarar zata kwanta ne kawai ta lalace.

Cokali kuma a'a. Sirinji ƙarami mara allura, kaɗan kaɗan a gefen baki, duk bayan awa 3 har da dare (eh har da dare, shiyasa nake ce wa mutane ladan nan ba a kwance ake samunsa ba). Ki ɗora shi a kan cikinsa kamar yana tsotson uwarsa, kar ki rigingine shi kamar jariri, madara zata bi ta huhu. In kinga tana fitowa ta hanci ki tsaya. Bayan kowane ci ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa musu ƙasan wutsiya a hankali har suyi fitsari da kashi, uwar da harshe take yi musu kuma basa iya yi da kansu sai wajen sati 3. Da yawa anan suke rasa su, ciki ya kumbura a ce ai mayu ne. In kina da ma'aunin kicin ki dinga auna su kullum, mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana.

A sati 4 sai ki fara basu kifi dafaffe da aka cire ƙaya aka dama da madararsu, ki aje musu tire da yashi, da kansu zasu gane banɗakinsu ne. Mai ciki kar ta kwashe kashin. Yara su wanke hannu in sun taɓa su saboda makero yana tsallakowa daga mage zuwa mutum. In kinga ƙuma ki tsefe da mataji, wallahi kar ki kuskura ki fesa musu fiya-fiya ko maganin kaskar karnuka, kuma paracetamol ko rabin ƙwaya ne kashe kyanwa yake. Maganin tsutsa likita zai auna musu, rigakafin farko a sati 8 zuwa 9, na haukan kare a wata 3. In wata ta ciji yaro a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibiti.

Neman mai ɗauka ki fara tun yanzu, ki sa hotonsu a status da group ɗin 'yan uwa da na islamiyya, masu shagon hatsi ma suna so saboda ɓera. Sai dai ni bana ba yaro ƙarami da yazo shi kaɗai yace yana so, sai naji daga bakin uwarsa, don yawanci kwana biyu ne a tsince su a bola. Ki tambayi mai ɗauka ko zai ƙarasa rigakafin, ki faɗa masa mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, in baya son gida ya cika a kaita ayi mata aikin hana haihuwa. In da hali a ɗauki biyu tare sun fi saurin sabawa, ki haɗa musu da tsumman da suke kwana a kai.