Yaya zan horar da masu riƙe mini harka alhali komai sai sauyawa yake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da harkar kawo tumatir da albasa daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas, da shaguna biyu a Agege, kuma yarana sun kai talatin. Duk abin da ya taso sai an kira ni, ko da tsakar dare ne. Ina so in horar da biyu ko uku su riƙa yanke shawara, amma abin da na koya musu bara bai yi amfani bana ba, domin farashi da dokoki da hanyar biyan kuɗi duk sun canza. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da kake gani gaskiya ne, kuma duk mai kasuwanci a Legas ya ɗanɗana shi. A ƙarshen Maris na 2020 an rufe gari saboda korona, a Fabrairun 2021 masu safarar abinci da shanu suka tsayar da lodi zuwa Kudu, a farkon 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace har dillalan da ba su taɓa yarda da tiransifa ba suka nemi na'urar POS, sannan a ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, Babban Bankin Najeriya kuma ya saki darajar naira a watan Yuni. Babu maigidan da ya taɓa zaunar da yaronsa ya koya masa yadda zai yi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Shi ya sa nake ganin matsalarka tana cikin abin da kake koyarwa. Ka koya musu matakan aiki, wato wa za a kira, nawa za a sayar, wane direba za a ba lodi, su kuma matakai suna tsufa da wuri. Abin da ke daɗewa shi ne dalilin da ya sa ka zaɓi wannan matakin ka bar wancan. Idan motar tumatir ta lalace a hanyar Jebba kuma kayan sun fara laushi, kai ka san lokacin da ya kamata a karyar da su a kasuwa mafi kusa da lokacin da ya kamata a nemi wata mota a juye, domin kana auna zafin rana da kuɗin dako da yadda kasuwa za ta wayi gari. Wannan awon yana cikin kanka kai kaɗai, kuma muddin ba ka riƙa faɗinsa a fili a gabansu ba, za su ci gaba da kiranka.

Saboda haka, daga yau duk wanda ya kira ka da matsala, ka fara tambayarsa me yake ganin ya kamata a yi, da dalilinsa, kafin ka faɗi naka ra'ayin. Bayan haka ka yanka wa kowane ɗaya daga cikin ukun iyaka bayyananniya: adadin kuɗin da zai iya kashewa ko rangwamen da zai iya yi ba tare da ya nemi izini ba, da abubuwan da dole su dawo gare ka, kamar ba da bashi mai yawa ko sallamar ma'aikaci. Ka sanar da dillalai da direbobi wannan iyaka da bakinka, domin idan suka fahimci cewa za su iya tsallake yaron su same ka, to sunan shugabanci kawai ka ba shi.

Wurin da masu gida da yawa suke faɗuwa shi ne ranar da aka tafka asarar farko, kuma lallai za a tafka ta. Idan ka ci mutuncinsa a gaban 'yan dako, ka koya wa dukkansu cewa mafi aminci shi ne kada kowa ya yanke komai. Ka bambance asarar da ta fito daga shawara mai dalili wadda kasuwa ta juya mata baya da wadda ta fito daga sakaci ko cin amana. Ta farko a zauna a kan ta a keɓe a gano abin da ba a hango ba, ta biyu kuwa hukunci ya kamace ta.

Game da zaɓen mutanen, ina ba ka shawara ka dubi wanda yake kawo maka mummunan labari da wuri ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ko da ba ɗan'uwanka ba ne, ko da ya fi sauran ƙuruciya. Ka riƙa juya su tsakanin shago da kasuwa da wurin lodi a Arewa, kuma wanda ya iya Yarabanci da lissafi a waya ya koya wa dattawan cikinsu, su kuma su koya masa sanin kaya da mutane. Kwas na da amfani wajen ajiye lissafi da sanin haraji, kuma hukumar ITF ta gwamnatin tarayya mai horar da ma'aikata, wadda aka kafa a 1971, tana gudanar da irin wannan horo.

Za ka iya tsoron kada ka horar da mutum ya tafi ya buɗe tasa harkar. Wasu za su tafi. Ka yi magana da su tun yanzu a kan kason riba da lokacin da za ka sallame su da jari, a rubuta a gaban shaidu, domin wanda ya san makomarsa a wurinka ya fi zama, wanda ya tafi da yardarka kuma yakan dawo ya sayi kaya a hannunka.